Shaida a Kan Ƙofar Dama

Lotsewar ba ta fi girman faranti ba. A ƙofar gaba take, ta hannun dama, ƙasa kaɗan da madubi, inda ƙarfen ya shige ciki, fenti ya ɓare ya bar dogon zane kamar an ja ƙusa. Motar ruwan toka ce. In za a rufe wannan ƙofar sai an ɗan ɗaga ta sama sannan a jawo da ƙarfi, in ba haka ba ta koma ta buɗe. Duk kwanakin farko na takabata, in na ɗaga labulen tagar ɗakinmu na unguwar Badariya a Birnin Kebbi, ita nake fara gani a tsakar gida, kafin randa, kafin igiyar shanya.

Ni ce na yi ta. Amma lokacin da baban yara ya rasu, babu babban mutum ko ɗaya a danginsa da ya san haka.

Malamin makarantar sakandare ne. Ni kuwa a aji huɗu na firamare na tsaya a Argungu, sai Islamiyya. Ina karanta Hausa a hankali, Turanci kuma sai dai in gane sunan mutum ko lamba. 'Ya'yanmu biyu, mace da namiji. Babbar tana da sikila. Wata rana ciwon ya tashi mata da rana tsaka, shi an tura shi wani gari duba jarrabawa, ya bar motar a gida da makullinta a rataye jikin ƙusa. Na goya yarinyar, na rungumi ƙaninta, na fita titi ina neman ɗan kabu-kabu, tana ihu a bayana cewa ƙafafunta, ƙafafunta. Da ya dawo na ba shi labari, sai ya tsaya yana kallon makullin nan. Asabar ɗin da ta biyo baya ya ce zai koya mini tuƙi.

Duk bayan sati biyu mukan je Argungu gaida iyayena. A hanyar dawowa, in mun zo Zauro, sai ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar ƙasa da ta ratsa gonakin shinkafa, ya tsaya, mu yi musanyar wuri. Ya karɓi ƙaramin ya ɗora a cinya, ni in koma bayan sitiyari. Mun yi shawara ba za a faɗa wa kowa ba sai na iya na karɓi lasisi, don ya san halin Inna, mahaifiyarsa, da abin da za ta ce in ta ji matar ɗanta na jan mota a cikin fadama.

Ni mai tsoro ce tun ina yarinya. Ina riƙe sitiyarin har yatsuna su yi fari, ina karanta duk addu'ar da na sani a bayyane. Yakan ce in sassauta, sitiyari ne ba wuyan ɓarawo ba. Motar ta mutu mini ya fi a ƙirga, kullum wurin sakin kuloci. Babbar tana baya tana ba ni umarni, Mama birki, Mama birki, ko da babu komai a gabanmu sai balbela.

Ranar da abin ya faru ana yankan shinkafar rani, zafi kamar a ɗaki rufe. Na ɗan fara iyawa, har na sa giya ta biyu ba tare da ya faɗa mini ba. Sai ga amalanken shanu ya fito daga wata gona ta hannun dama, an lafta masa buhuna. Na gan shi sarai. Ƙafata ta tafi neman birki ta taka totur. Da hannu ɗaya baban yara ya fizgi sitiyarin zuwa hagu, ɗayan hannun yana rungume da yaron, sai kusurwar ƙarfen amalanken ta daki ƙofar da yake zaune. Motar ta mutu. Na kifa kai ina kuka.

Mai amalanken dattijo ne. Shanunsa ya fara dubawa, ƙafa da ƙafa, sannan ya leƙo ta taga ya ga wanda ke bayan sitiyari.

"Malam, mace ka ba mota cikin gonakin mutane?"

"Baba, ai shanunka ma ba su da lasisi."

Dattijon ya yi dariya har ya dafa buhu. Babu abin da ya samu amalankensa, ya yi mana addu'a ya wuce. Baban yara ne ya karɓi tuƙin har muka shiga Birnin Kebbi.

Na san motar tana da inshora, kuma ba irin takardar da ake yi don a nuna wa jami'an hanya ba ce. Babba ce, wadda ke gyara motar mai ita. Ƙungiyar ma'aikatan da ya sayi motar ta hannunsu ce ta sa shi yin ta tun farko, shi kuma ya ci gaba da sabunta ta duk shekara. Washegari ina shafa masa man zafi a kafaɗar dama, inda ta yi ɗan baƙi, na ce ya je su gyara mana. Ya ce abu na farko da za su tambaya shi ne wa ke tuƙi.

"In na ce ni ne, na yi ƙarya. In na ce ke ce, ba su biya, don ba ki da lasisi, kuma kahin magariba Inna ta ji. A bar ta. In anka yi albashi in kai ta wurin masu bugun ƙarhe."

Da yayansa ya zo ya ga ƙofar, sai ya ce masa, mun gogi amalanke a Zauro. Mun. Ina bakin murhu na ji, na sunkuyar da kai. Haka ya faɗa wa Inna, haka ya faɗa wa maƙwabta, ba wanda ya tambaye shi mu ɗin su wa da wa.

Sati uku bayan haka baban yara ya yanke jiki ya faɗi a cikin aji. Kafin in isa asibiti an rufe masa fuska. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wani abokin aikinsa ya kawo motar gida da la'asar, ya yi ta fama da ƙofar nan bai san sai an ɗaga ta ba.

A kwanakin zaman makoki kalma ɗaya na fi ji. Duk matar da ta shigo, bayan gaisuwa, sai ta ce malam ya samu shaida. Mazajensu sun faɗa musu yawan mutanen da suka bi gawarsa, ɗalibai da iyayen ɗalibai, har masu facin taya na bakin titi, kowa na cewa bai taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Inna, wadda ta baro gidan Yaya, babban ɗanta, na unguwar Gesse ta tare a wurina da niyyar sai an yi arba'in, da wannan kalmar take rarrashin kanta. Ɗana ya samu shaida. Sai kuma ta ƙara da wata maganar, kusan ga duk wanda ya zauna: tun ranar amalanken nan bai koma daidai ba, sitiyari ne ya buge shi a ƙirji ya ɓoye mata.  Na san sitiyari bai taɓa shi ba. Na kuma san kafaɗar da na shafa wa mai. Na yi ta tuna maganar likita ina maimaita wa kaina, hawan jini, hawan jini, kamar yadda nake maimaita addu'a a bayan sitiyari.

Yaya, wan baban yara, fataucin albasa da shinkafa yake yi. Mutumin kirki ne, ban taɓa ganin ya ci haƙƙin kowa ba. Shi ya tsaya kan maganar gado. Bayan sadakar bakwai ya zauna a kan tabarma bakin ƙofar ɗakina, ni ina ciki bayan labule, ya ce dole a sayar da motar a raba. Masu saye biyu sun zo, duka sun karya kuɗin saboda ƙofar. Mai bugun ƙarfe kuma ya ce ƙashin ƙofar ya karkace, sai dai a sa wata. Amma ya samu takardar inshora a akwatin gaban mota, ya je ofishinsu, sun ce rahoton ya makara, sai dai saboda rasuwa za su duba in an hanzarta. Ya ce wannan haƙƙin marayu ne, ɗan'uwansa ya yi shekaru yana biya bai taɓa karɓar komai ba, kuma yarinyar nan magani take sha kullum. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Tunda ba na fita, mace 'yan inshorar suka turo. 'Yar wajen Zuru ce, Hausarta tas. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta yi wa Inna ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ta zauna kusa da ni ta fito da fom. Yaya ya riga ya ba ta bayani, ta cike kusan komai. Ta riƙa karanta mini tana fassarawa: ranar, wurin, abin da aka buga. Tun kafin ta kai layin na ga sunansa a rubuce da biro shuɗi, harafin farkon ta yi masa ƙugiya. Ta ce wannan layin na wanda ke tuƙi ne. Sai ta sa yatsa a ƙasan takardar.

"Nan za ki sa hannu, ko ki dangwala. Tunda kina cikin motar, ke ce shaida."

Na tambaye ta me ta ce. Ta maimaita. Na ce kaina na ciwo, ta bar mini takardar zuwa jibi. Ta kalle ni kaɗan, ta ce babu komai, amma kada ta wuce jibin.

Na rasa inda zan ajiye takardar. Na sa ta ƙarƙashin katifa, na ga kamar ina ɓoye sata. Na ɗora ta kan kanta kusa da Alƙur'aninsa, na kasa barinta can. A ƙarshe cikin kwanon samira na saka ta na rufe.

Na yi ta lissafi da kaina. Wa za a cuta? Kamfani ne, ban san fuskar mai shi ba. Shi kuma baban yara ba za a kama shi ba, ba za a ci shi tara ba, ya tafi inda takarda ba ta zuwa. Abin da za a ce kawai shi ne ya gogi amalanke, wanda kowa ya riga ya ɗauka haka. In na yi shiru na dangwala, Inna za ta ci gaba da kirana ɗiyata, motar ta yi daraja, rabon yaran ya ƙaru. Na kira mahaifiyata a Argungu daga banɗaki, da murya ƙasa, na faɗa mata komai. Ta yi salati, sannan ta ce in dangwala in kama bakina. Shi ya riga ya tafi, ni ce zan zauna da mutanen nan har yaran su girma. Ta ce Allah ya san ba don kaina na yi ba.

Da hantsi ranar ta biyu babbar ta ɗauki murfin tukunya ta zauna kan turmi a gaban Inna tana juya shi, tana cewa Mama birki, Mama birki. Inna na tsintar shinkafa, ta yi murmushi, ta ce yarinyar nan direba za ta zama kamar ubanta. Na ja yarinyar ɗaki da ƙarfin da bai kamata ba har ta yi kuka. Ina rarrashinta sai na ga abin da ke gabana: in na dangwala, sai na koya wa 'yar shekara biyar ta daina wannan wasan, in koya mata abin da za ta ce ta gani.

Amma ba wannan ne ya hana ni ba, in zan faɗi gaskiya. Kalmar ce. Mutanen da suka shaide shi a maƙabarta da baki suka yi, suka watse. Shaidar da za a rubuta a kansa, a buga mata hatimi, a ajiye a ofis da sunansa, tawa ce kaɗai, ni da na fi kowa saninsa. Kuma abin da za ta ƙunsa shi ne ainihin maganar da ya ƙi faɗa da bakinsa yana raye, ya gwammace ya yi sati uku yana ɗaga ƙofa yana jawowa a gaban ɗalibansa.

Da Yaya ya zo karɓar takardar bayan azahar, ya zauna a tabarmarsa, Inna na kan gado tana jan carbi. Na miƙa fom ɗin ta ƙarƙashin labule. Na ji ya buɗe, ya ce ai ban sa hannu ba.

"Yaya, ba shi ne ke tuƙi ba. Ni ce."

Ban san yadda sauran maganar ta fito ba. Na faɗi ranar da na goya yarinya ina neman kabu-kabu, da Asabar ɗin Zauro, da birki da totur. Na faɗi abin da ya ce game da inshorar.  Sai Yaya ya ce da ɗan'uwansa ya faɗa masa, da shi da kansa zai kai ni a yi mini lasisi. Ya ce amma in sake tunani, ba wanda zai sani. Na ce na yi tunanin, kwana biyu ban yi wani abu ba sai shi. Na ji ya ninke takardar.

Carbin Inna ya tsaya tun ina tsakiyar magana. Ba ta ɗaga murya ba.

"To shi ina yaz zamna?"

"Gefe, Inna. Da yaro ga cinya."

"Ga ƙohwar da ta lotse."

"E."

Ta tashi ta ɗaga labulen taga ta kalli motar. Na ce mata ƙirjinsa bai bugu ba, kafaɗa ce kawai, kuma likita ya ce hawan jini ne. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce na kashe mata ɗa ba. Ta haɗa kayanta cikin jaka, ta ce wa Yaya ƙafarta na damunta, gara ta koma Gesse kusa da mai yi mata allura. Ta shafa kan yaran. A bakin ƙofa ta ce mini, sai an kwana biyu, uwar yara. Tun ranar da aka kawo ni gidan, ɗiyata take ce mini, ban sake jin wannan daga bakinta ba har yau. Tana aiko wa jikokinta da kaya kowace Salla, tana tambayar lafiyar babbar, in na je gaisuwa tana amsawa.

Matar inshorar ta dawo washegari don Yaya ya ce in faɗa mata da kaina. Ta saurara, ta ce tunda babu lasisi babu abin da za su iya yi. Tana sa takalmi ta tambaye ni ko na ci gaba da koyon. Na ce da wace mota.

An sayar da ita da lotsewarta, a farashin da masu saye suka ga dama. Ranar da aka zo ɗauka ban leƙa ba, amma na ji ƙarar ƙofar, sun buga sau uku kafin ta kama. Da na fita takaba na kwashe yaran muka koma Argungu, ɗakin da na tashi a ciki. Ina saƙa huluna, ina sayar da ƙanƙara lokacin zafi. Akwai watannin da maganin yarinyar kan yanke, in zauna ina tuna kwanon samirar nan da abin da mahaifiyata ta faɗa. Ba kullum nake ganin na yi daidai ba.

Bara da damina ciwon ya tashi wa yarinyar sosai, asibitin Argungu suka ce in kai ta Birnin Kebbi a ƙara mata jini. Na goya ta duk da ta yi girma da goyo, na je tasha. Motar da ke kan layi ruwan toka ce, an manna mata takardu a gilashin baya, an sake tayoyi. Saboda marar lafiya direban ya ce mu shiga gaba. Tun kafin in kai hannu na ga farantin nan ƙasa da madubi, zanen ƙusar ya yi tsatsa. Na zauna, na ɗora ta a cinya, na ɗaga ƙofar na jawo, ta kama a bugu ɗaya.

Direban ya kalle ni ya ce, Hajiya ashe kin san ciwon ƙofar, fasinjoji sai sun yi ta dambe da ita. Ya ce haka ya saye ta, a hannun magada. Mai ita na farko wani malamin makaranta ne, Allah ya jiƙansa, an ce amalanke ya je ya tura, ka san malaman nan sai alli, ba su iya tuƙi ba. Na baya suka yi dariya.

"Ya iya," na ce. "Matatai ce ke koyo."

Ya tambaye ni ko na san su. Na ce e. Ya jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba, sai ya kunna rediyo. Yarinyar na numfashi da ƙyar a ƙirjina, kafaɗata ta dama na jingine da ƙofar. Da muka zo Zauro ruwa ya cika gonakin, hanyar ƙasar ta nutse, sai bakinta kawai ake gani daga kwalta. Na rufe wa yarinyar ƙafafu da gyalena, na ce wa direban don Allah ya ɗan ƙara sauri.